Wanda Ya Karya Shi Ke Riƙewa

Akwai wata ƙara da ta ɓace daga garin nan, kuma in ban da ni ban ga wanda ya lura ba. Ba jiniyar masaƙa nake nufi ba, ko da yake ita ma ta yi shiru tun tuni, ciyawa ta cinye ƙofar da ma'aikata ke fitowa da kekunansu. Ƙarar da nake nufi ita ce ta haƙoran takalmin ƙwallo in ana goga su a kan siminti da safiyar ranar wasa. Kwanakin baya na bi ta inda filinmu yake a Trikania, na tarar an yanka shi an jera shaguna, daidai wurin raga wani yana sayar da bokitan roba. A gefe an kewaye wani ɗan wuri da waya, an shimfiɗa ciyawar roba, samari na buga ƙwallo da takalma masu launi kamar za su biki. Na tsaya kallo. Wani ya ɗan taɓa kafaɗar wani, sai wancan ya zube yana birgima, alƙalin wasa ya busa, aka taru ana ba shi haƙuri. Na yi dariya har mutane suka waiwayo. Amma dariyar ba ta kai ni gida ba, don ina tafe ina jin ƙarar nan a kunnena, kuma na san abin da ta jawo.

A zamaninmu ƙetaren kogin Kaduna na masaƙu ne. Jiniya ke tashin mu, ita ke cewa a ci abinci, ita ke sako mutane da yamma su cika titi da ƙararrawar keke. Ruwan kwata yau shuɗi gobe ja, gwargwadon rinin da aka zubar. Gidan hayar da na tashi a Nasarawa ɗakuna ne a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya da ɗan dandamalin siminti inda ake wanki. Mutumin Binuwai na nan, na Filato na nan, mu Hausawa muna nan, ba mai tambayar wani ina ya nufa ran Juma'a ko ran Lahadi, don kowa ya sani. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce daga kudancin Kaduna, mai sayar da gwate a bakin masaƙa, kowa Mama yake ce mata. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, to a kwanon Mama na girma, hannuna da na ɗanta ɗaya tilo. Ba zan faɗi sunansa ba. A fili Sauro ake ce masa, saboda ƙafafunsa sirara ne, kuma in ya maƙale wa mai tsaron baya ba ya barinsa ya sarara. Ni kuwa Guduma aka raɗa mini, wannan ba sai na yi bayani ba.

Kowace masaƙa na da ƙungiyarta a lokacin. Sunanka na cikin ma'aikata amma hannunka bai taɓa zare ba, aikinka ƙwallo ne safe da yamma, da ita kake ci da ita kake sha. Tare muka je gwaji ni da Sauro. Kocinmu ya ɗauke ni, amma ya dubi ƙafafun Sauro ya ce ya je ya ci tuwo ya dawo. Sai masaƙar da ke maƙwabtaka da tamu ta ɗauke shi, ya zama ɗan gabansu, shekara ba ta zagayo ba duk ƙetaren kogi ya san shi. Kocin nan namu tsohon soja ne daga Binuwai, yatsunsa biyu sun tafi a yaƙi, Hausarsa ta bariki ce, ba ya maimaita magana. Darasin farko da ya koya mana mu masu tsaron baya shi ne abin da yake kira gaisuwa. "In an busa, kafin minti biyar, ka je ka gaida ɗan gaba," in ji shi. "A ƙwauri za ka gaishe shi. In ya ji gaisuwa da kyau, sauran wasa ƙafarka zai kalla, ba ƙwallo ba." Takalman da ake ba mu masu haƙoran ƙarfe ne guda shida, to da safen ranar wasa sai ka tsuguna ka goga su a siminti har su yi kaifi. Alƙalin wasa yakan shafa tafin takalmi kafin a shiga, sai mu cusa laka ta rufe kaifin, ko mu nuna masa wani mu shiga da wani. Kowa yana yi, kowa ya san ana yi, amma ranar da aka kama ka ba wanda ya taɓa jin labarin.

Yaran yanzu in na ba su labari sai su ɗauka ina ƙari. Ba ƙari. Filinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, in ka ja jiki a kai fatar cinyarka a nan take kwana. Ba mu san abin kare ƙwauri ba, mai tsoro yakan cusa kwali a cikin safa, a yi ta yi masa dariya. An karya mini hanci sau biyu, na tofar da haƙorin gaba a cikin raga na ci gaba da wasa. Na ga an yi tsalle an sauko wani kunnensa na reto. Na ga alƙalin wasa ya busa fenareti ya ci gaba da gudu bai tsaya ba sai caji ofis. In ana bugun kwana, gwiwar hannu ke aiki, da yatsa a ido, da taka ɗan yatsan ƙafa, har allura na san wanda ke ɓoyewa a ƙugun wando. Kuma gaskiya ita ce ina son abin. Ina son yadda fili ke yin tsit in na nufi mutum, ina son yadda ɗan gaba ke sakin ƙwallo tun ban iso ba. Ban taɓa jin ni wani ne ba sai a cikin wannan tsit ɗin.

Amma duk haukanmu muna da doka ɗaya da ba a rubuta ba, kuma ban taɓa ganin an taka ta ba: wanda ya karya shi ke riƙewa. In ka karya mutum a fili, ba ka tafiya gida. Kai za ka ɗauke shi zuwa Mahuta wurin wani dattijo mai ɗori da duk 'yan ƙwallo ke zuwa, kai za ka rungume shi ta baya lokacin da ake jan ƙashin, ihunsa a kunnenka. Dalili biyu ne. Na farko don ka ji abin da ka yi. Na biyu don mai ɗorin ya tambaye ka, tunda wanda ya yi dukan shi ya san yadda ya sauka. Asibiti kuwa tsoronta muke, ana cewa can ba su san komai ba sai yankewa. Shi dattijon yana da tasa al'adar. In an kawo mai karaya sai an zo da kaza, ya karya ƙafarta daidai inda ta mutum ta karye, ya ɗora su tare, ya ce ranar da kazar ta taka ranar mutum zai taka. Kafin ranar da zan ba da labarinta na riga na riƙe mutum biyu, duka sun warke, ɗaya ma ya dawo ya rama.

Ranar masaƙarmu ce da ta su Sauro a wasan kofi, kuma labari ya bazu cewa mutanen wata babbar ƙungiya sun zo daga wani gari don su gan shi. Da safe ina tsugune a bakin famfo ina goga haƙoran, sai ya fito da asawaki a baki, tawul a wuya, ya tsaya a kaina.

"Guduma, wannan duk don ni ne?"

"Don wanda ya zo ne," na ce, ban ɗago ba.

"Sai ka kama ni tukuna," ya ce, ya wuce yana dariya.

Mama na tsugune tana hura wuta. Ta ɗago da ido jajir saboda hayaƙi ta ce, "Ni ban san masaƙa ba, yarana na sani. Kun fita da ƙafa huɗu, ku dawo mini da ƙafa huɗu."

Fili ya cika har kan katanga, baƙin nan suna zaune a kujeru ƙarƙashin rumfar kwano. Aka busa, minti biyar suka wuce ban gaishe shi ba. Sau biyu ƙwaurinsa ya zo gabana a buɗe, sau biyu na janye ƙafa, don ina ganin hannun da muke cin gwate tare. Shi kuwa bai janye komai ba. Ya zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya zagaye ni ya ɗauka ya jefa a raga. Kafin hutun rabin lokaci ya sake, wannan karon har na zauna daɓas a ƙasa. 'Yan kallonsu suka ɗauki waƙa, wai sauro ya ciji guduma, har namu na ga suna rufe baki. Na waiwaya rumfa, baƙin ma dariya suke. Da muka fita hutu koci ya wanke ni da mari da hannun nan mai yatsa uku. "Ɗan'uwanka ne, ko? To cire rigana ka je ka sa nasu." Ba marin ne ya shige ni ba, na sha wanda ya fi shi. Dariyar ce. Na koma fili zuciyata baƙa ƙirin, ba na ganin kowa sai siraran ƙafafun nan.

Ƙwallo ta riga ta bar ƙafarsa. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Na tashi da ƙafa biyu, haƙora a gaba, na sauka a ƙwaurinsa na dama da duk nauyina. Ƙarar ta yi kamar an karya rake a gwiwa, kuma har bakin katanga an ji ta. Bai yi ihu nan take ba. Ya ɗago kai ya dubi ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa, sannan ya dube ni. Daga nan fili ya ɓarke. Duwatsu suka fara sauka, aka ɓalle katakon benci, aka fasa wa golanmu kai da kwalba, alƙalin wasa ya haura katanga ya bar usur ɗinsa a ƙasa. Wani ya tuge sandar tutar kwana ya shimfiɗa mini a gadon baya, wani ya cika mini baki da jini. Da sun gama da ni a wurin, sai kyaftin ɗinsu ya shiga tsakani yana ture mutane yana cewa, "Ku bar shi, shi zai riƙe." Dokar ce ta cece ni. Aka saka Sauro a bayan a-kori-kura, kansa a cinyata. Na tuɓe takalman na tura su ƙarƙashin taya ta safaya. 'Yan ƙungiyarsu da magoya bayansu suka biyo mu a kekuna da babura, sanduna a hannu, aka tsaya a hanya aka sayi kaza.

Dattijon ya sa aka kwantar da shi a tabarma a tsakar gida, ya ce kowa ya fita sai ni da manyan 'ya'yansa biyu masu ja. Ya sa wuƙa ya farke safar. Ƙasa da gwiwa kaɗan akwai rami, jini na bulbulowa a hankali, bakinsa duk jar ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Kai ka yi?"

"Ni ne, Baba."

"To akwai rami a nan. Ƙashi ne ya huda ya fito, ko ƙarfe ne ya shiga?" Ya ƙara da cewa, "In ƙashi ne, aikina ne, in mayar in ɗaure. In ƙarfe ne ya shiga da ƙasa, ba na rufe shi. Sai ku wuce asibiti a wanke tukuna. Faɗa mini gaskiya, ɗana, kai ka san yadda ya sauka."

Ta bayan zana ina jin muryoyin mutanen Sauro, ina jin wani na buga sanda a ƙasa. Na san in na ce ƙarfe za a ce a kawo takalmin, in an kawo takalmin kowa zai ga kaifin. Ko na tsira daga sanduna, hukumar wasa za ta kore ni har abada, ni kuwa ban iya komai ba sai ƙwallo. Na dubi Sauro, idonsa a rufe, na ɗauka ya suma. Na ce, "Ƙashi ne, Baba."

Na zauna a bayansa na zagaye ƙirjinsa da hannuwana. Da suka ja, ya sandare ya kafa haƙora a damtsena har suka haɗu, tabon na nan ina kallonsa yanzu da nake rubutun nan. Ina jin ƙashin na gogar ɗan'uwansa ta cikin jikinsa zuwa nawa. Dattijon ya shafa magani, ya jera karare, ya naɗe tam da tsumma, ramin da ƙasar duka a ciki. Sannan ya kamo kazar ya karya ƙafarta ta dama, ya ɗaure mata 'yan tsinkaye.

Mama ta rufe sana'arta ta tare a Mahuta. Ni kuma kullum in an tashi atisaye sai in hau keke in je, in zauna a bakin tabarma ina yi masa fifita. Kullum ina shiga da niyyar faɗa, kullum ina fitowa ban faɗa ba. Kazar ta fara ɗingishi, sannan ta fara tona, har ta shiga cikin kajin gidan. Ɗakin da Sauro ke kwance kuwa ya fara wari, ƙudaje suka ƙi barin tsumman, zazzaɓi ya rufe shi yana kiran sunayen 'yan wasa yana cewa a ba shi ƙwallo. Wata rana Mama ta bi ni har waje ta riƙe kan kekena.

"Yarona, kaza ya tashi. Me ya sa ɗan'uwanka bai tashi ba?"

"Zai tashi, Mama," na ce.

Ranar da dattijon ya kwance ɗaurin, shi da kansa ya ja da baya yana salati. Naman ya yi baƙi har ya haura gwiwa. A asibitin da muke gudu aka yanke ƙafar daga cinya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne da muka fito Mama ta kama hannuna tana yi mini godiya, wai ban gudu na bar shi ba.

Baƙin da suka zo ganin Sauro ni suka ɗauka. Suka ce suna neman mai tsaron baya da ake tsoro. Na bar Kaduna, na yi shekaru ina buga ƙwallo gari gari, aka kira sunana a rediyo, na ɗaga kofi, na sha marin 'yan kallo da duwatsunsu a filayen da ban iya ƙirgawa. Ƙarya nake in na ce na daina goga haƙora daga ranar, sai da aka canja irin takalman sannan na daina. Gwiwa ce ta yi mini ritaya. Mama ta rasu ina wani gari, na ji labari ban zo ba, na ce wasa ne ya riƙe ni. Da na dawo kuma garin ya sake bayan rikice-rikicen addini, kowa ya tattara ya koma ɓangaren kogin da nasa suke, ni ma na yi gida a arewa. Gadar kogin ba ta da wani tsawo, amma na mai da ita hujja na tsawon shekaru.

To ranar da na ga an jera shaguna a filinmu, maimakon in juya gida sai na nufi Mahuta, don an ce a can Sauro ya zauna. Na same shi a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, kai fari fat, yana gyaran fanka, ƙafar roba a jingine da benci. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji Guduma. Ashe ka san hanya."

Ya sa matarsa ta kawo ruwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka lissafa waɗanda suka mutu. Sannan na ce, "Ɗan'uwa, ranar nan na yi wa Baba mai ɗori ƙarya. Ƙarfe ne."

Bai daina juya sukurun da ke hannunsa ba. "Na sani. Ba ni na tsaya a kanka da safe kana gogawa ba? Kuma idona kawai na rufe, kunnena a buɗe yake."

"To me ya hana ka magana?"

"Ka manta waɗanda ke bayan zana? Da na ce ƙarfe, da ba ka fita gidan mai ɗori da rai ba. Sai in ce wa Mama me?" Ya ajiye sukurun. "Na ɗauka in an kwana biyu sanduna sun watse za ka faɗa da bakinka. Kullum ka shigo bakinka nake kallo. Ni ma kuma na yarda da kazar nan, sai na ce bari in ƙara maka kwana ɗaya. Daga baya zazzaɓi ya tafi da ni."

Sai kuka ya ƙwace mini. Kuka nake, tsoho da ni, a bakin titi, kuma bai ce in yi shiru ba. Ya bar ni sai da na gaji. Can aka kaɗa ƙararrawar cocinsu ta yamma, ya jawo ƙafar robar ya naɗe wando, dungun cinyar ya fito, ya ƙanƙance, duk tamoji. Ya yi ya yi, maɗaurin ya ƙi shiga.

"Zo ka riƙe mini nan in ɗaure," ya ce. "Ai ban ji an soke dokar ba."

Na durƙusa a ƙasa da gwiwoyin nan nawa da suka mutu, na sa hannu biyu na riƙe.